Tambayoyinku: Kwana a Kurmin Tsauni don Kallon Tsuntsaye

Wasiƙun wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Masu sha'awar tsuntsaye ne da ke son hawa tsauni su kwana cikin kurmi, inda babu lantarki, babu sabis ɗin waya, babu abin dogaro bayan Allah sai shirin da mutum ya yi tun daga gida. Mun tsamo bakwai, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ni da abokaina biyu mun sami izinin kwana uku a wani sansani cikin kurmi a kan tsauni, tsayinsa wajen mita 2,200 daga teku. Ba mu taɓa yi ba. Ina ya kamata mu kafa tanti, kuma yaushe tsuntsaye suka fi fitowa? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Allah ya kai ku lafiya. Lokacin da ya fi kowane albarka a yini, daga ketowar alfijir zuwa fitowar rana, a bakin tanti zai riske ku, domin babu mai hankalin da zai bi gangaren dutse cikin duhu. Saboda haka inda kuka yada zango shi ne wurin kallonku na farko, da wannan idon za ku zaɓe shi.

Idan hukumar dajin ta ware filin kwana, nan ɗin ne, ba a ƙetarewa. Amma ko cikin filin akwai zaɓi. Ku nemi bakin kurmi, inda dogayen itatuwa suka tsaya fili ya buɗe, ku kafa ta yadda itatuwan da za ku kalla suna yamma da ku. Rana za ta fito ta bayanku ta haske su, launin kowane tsuntsu ya fito sarai. In kuka juya akasin haka, ido zai yi ta karo da rana, duk abin da ya sauka a reshe baƙi ƙirin za ku gan shi. Bayan haka, itatuwan da hasken safe ya fara taɓawa a kansu ƙwari ke fara motsi, kuma can masu cin ƙwari ke karya kumallo.

Kada shimfiɗar kwari ta ruɗe ku. Iska mai sanyi nauyi gare ta, da dare gangarowa take ta kwanta a lotsattsen wuri, tare da raɓa da hazo. Hawa mita 20 ko 30 kawai a jikin gangare yakan sa a ji bambanci a jiki. Doron tsauni kuma na iska ne da aradu. Sai bakin rafi, wanda ya fi jan sababbin shiga. Ƙarar ruwa tana haɗiye kukan tsuntsu, ku wayi gari kamar kurame, sannan ruwan da aka zuba can sama inda ba ku gani ba yana iya ciko rafin cikin 'yan mintuna. Ku ba shi tazarar mita 60 zuwa 70. Kafin a buga turke na farko, wani ya ɗaga kai ya duba sama: a irin wannan kurmi rassa suna ɗauke da gansakuka da ta sha ruwa ta yi nauyi, busasshen reshe yakan karyo ko babu iska. Wani kuma ya duba ƙasa, kada a shimfiɗa tanti kan hanyar kwarkwasa.

Ku yi ƙoƙari ku isa kafin ƙarfe 3 na yamma. Bayan an kafa, ku bi hanyar da za ku bi gobe na tsawon mita 500, kuna lura da bishiya mai 'ya'ya, da mai fure, da inda wata ta faɗi ta buɗe taga a cikin kurmin.

Da asuba ku tashi awa ɗaya kafin rana. Kuka yakan fara minti 30 zuwa 45 kafin fitowarta, kuma a lokacin kunne ne kawai ke aiki, don haka a zauna, a yi shiru, a rubuta. Awa biyu zuwa uku bayan fitowar rana su ne na ido. In safiyar ta yi sanyi ƙwarai kada ku karaya da shiru, sau da yawa sai rana ta taɓa ganye sannan kurmi ke farkawa. Daga ƙarfe 9 zuwa 11 iska ta ɗumama tana tashi sama, shaho da gaggafa suna hawanta, sai ku koma fili ku kalli sararin da ke bisa kwari. Wajen tsakar rana gajimare kan hauro gangare ya rufe komai, ruwa ya biyo baya. Wannan lokacin abinci ne da hutu. Da an ɗauke ruwan ku fito da sauri, rabin awar da ke biye yakan yi kusa da safiya a yawan motsi.

Kwana ukun ku raba su da tsayi. Rana ta farko kewayen sansani, ta biyu ku hau mita 300 zuwa 400, ta uku ku gangara kamar haka. Tsuntsayen tsauni hawa-hawa suke zama, kowane iri da ɗamarar da yake bi a jikin dutse. Turakon Bannerman, mai jan tukku, ba a samunsa ko'ina a duniya sai kurmin tsaunukan yankin Bamenda a Kamaru, musamman Dutsen Oku mai tsayin mita 3,011. Wasu kuma hawa da sauka suke yi da yanayi. Tsuntsun ketzal na Monteverde a Kosta Rika yana gangarowa bayan ya gama ƙyanƙyasa, yana bin afokadon daji inda ya nuna, shi kuma monal na Himalaya, tsuntsun ƙasar Nefal, yana saukowa ƙasa-ƙasa in hunturu ya tsananta. Ku tambayi ma'aikatan dajin abin da ke nuna a watan da za ku je, kuma a wane tsayi.

Tambaya: Malamai, na je irin wannan wuri na wuni ina tafiya har ƙafata ta yi bororo. Ina jin kuka ta ko'ina amma ban ga komai ba sai ganye. Wani lokaci ma daji ya yi tsit na awa guda. Ina matsalar take? Daga wani ma'aikacin lafiya.

Amsa: Malam, tafiyar ce ta yi yawa. A fili mai tafiya shi ke gani, a kurmi mai tsayuwa ne. Wanda ya ci fiye da kilomita ɗaya cikin awa guda a kurmin tsauni wuce tsuntsaye yake yi.

Shirun da ka ji kuwa ba rashin tsuntsu ba ne. Ƙananan masu cin ƙwari a kurmi ba warwatse suke ba, haɗuwa suke su yi ayari na haɗin gambiza, iri goma, wani lokaci ashirin, suna kewaya gangare tare. Yawan ido yana kare su daga shaho, kuma ƙwaron da wannan ya tayar wancan ke cafkewa. Inda ayarin yake daji ya cika, inda ya bari ya zama wayam. Haka abin yake a tsaunukan Andis na Kudancin Amurka, haka a Himalaya, haka a tsaunukan Afirka, jagororin ne kawai ke canzawa. Aikinka ka yi kamar mai jiran fatake a mararraba.

Alamar zuwansu siririn kuka ne, tsi-tsi-tsi, daga baki da yawa, yana matsowa. Tsaya ka gane inda suka dosa, ka sha gabansu da mita 20 ko 30, ka jingina da kututture don siffarka ta ɓace, ka bar su su zo. Kada ka bi su a baya, bindi kawai za ka yi ta gani. Sukan wuce cikin minti 5 zuwa 15, kuma kuskuren kowa shi ne maƙale wa tsuntsu na farko yana buɗe littafi, kafin ya ɗago sauran sun tafi. Ba kowanne daƙiƙa kaɗan, ka faɗi siffarsa a ranka ko cikin rikodar waya, ka koma na gaba. Ka raba ido uku: saman itatuwa, jikin kututture inda maƙwaƙƙwafi da irinsa ke hawa, da sarƙaƙiyar ƙasa inda masu kunya ke bin ayari a ɓoye. Littafi sai bayan ƙura ta lafa.

Wurin neman tsuntsu da ido ma akwai dabara. Ba da madubin hangen nesa ake nema ba, da tsirarar ido ake nema. Saki ido kan yanki mai faɗi, kana jiran ganyen da ya motsa shi kaɗai alhali maƙwabtansa na tsaye. Da ka gan shi ka kafe ido a wurin, ka kawo madubi zuwa ido ba tare da ka sunkuya ka dube shi ba. Wanda ya kalli hannunsa ya rasa tsuntsun. A gwada wannan a gida, da wani ganye ko kan ƙusa a bango, har hannu ya saba. In kukan kake ji ba ka san daga ina ba, sa tafin hannu bayan kunnuwa ka juya kai a hankali har inda ya fi ƙarfi, sannan ka matsa gefe taku biyar ka sake. Inda layukan biyu suka haɗu nan yake, kuma galibi ya fi kusa da yadda kake zato.

Mu dai a ganinmu babu abin da ya kai zama gindin bishiya mai 'ya'ya. Ka duba ƙasa yayin tafiya: gutsattsarin ɓaure, ƙwallaye, farin kashin tsuntsu a kan ganye. In ka samu, koma baya mita 15 zuwa 20 inda kake ganin kan bishiyar ba tare da karya wuya ba, ka zauna minti 45 aƙalla. Kurciyoyin daji, dangin cilakowa da turako duk za su zo da kansu. Turako in ya buɗe fiffike zai tsallaka reshe, jan da ke ɓoye a ciki yakan walƙa kamar an kunna wuta. Sinadarin wannan launi yana ɗauke da jan ƙarfe, kuma dangin turako ne aka sani da shi. Kauci mai fure a kan reshe shi kuma matattarar masu shan zumar fure ne. Hanyar da ta ratsa jikin gangare ta fi wadda ta bi gindin kwari, domin kan itatuwan da ke ƙasa da kai yana daidai da idonka.

Idan ka ci karo da rundunar kwarkwasa tana yaƙi, kada ka gudu da nisa. Tsaya gefe, cusa wando cikin safa, ka kalli gaban rundunar. Ƙwarin da ke tserewa suna jawo tsuntsayen ƙasa waɗanda in ba nan ba sai ka shekara ba ka gansu a sarari ba.

Tambaya: Ina da madubin hangen nesa mai lamba 12x50. An ce mini bai dace da kurmi ba, alhali ya fi jawo abu kusa. Kuma kullum da safe gilashinsa gumi yake yi. Daga wani mai karatu.

Amsa: Gaskiya aka faɗa maka, ɗan'uwa. Lamba ta farko ita ce yawan ninkin da madubi ke yi, ta biyu faɗin babban gilashi ne a milimita. Raba ta biyu da ta farko, za ka sami faɗin hasken da ke shiga idonka. Naka 50 a raba da 12, kusan milimita 4.2 ke nan. Mai lamba 8x42 yana ba da 5.25, ya fi naka haske a duhun kurmi duk da ya fi ƙanƙanta. Ƙananan na aljihu masu 8x25 kuwa 3.1 suke bayarwa, da asuba a ƙarƙashin itatuwa kusan ba su da amfani.

Haske ma ba shi ne babban dalili ba. Yawan ninki yana matse filin da kake gani. Madubin 8x42 mai kyau yana nuna faɗin mita 125 zuwa 140 a nisan mita 1,000, mai ninki 12 yakan tsaya ƙasa da 100. A kurmi tsuntsu yana mita 8 ko 10 daga gare ka, yana tsalle daga reshe zuwa reshe, matsatsen fili na nufin kana ɗaga madubi ya fita. Ga rawar hannu, wadda ninki ke ƙara wa girma, balle mutum ya hau gangare yana haki. In za ka saya, nemi 8x42 ko 8x32, wanda ke iya fito da abu sarai a nisan mita 2, wanda aka rubuta ruwa ba ya shigarsa kuma an cika shi da iskar naitirojin ko argon. Mai sa tabarau ya duba tazarar ido, wato nisan da ke tsakanin ido da gilashin da ake leƙawa, ta kai milimita 16, ya kuma murɗe robar bakin ido ta koma ƙasa.

Mutane da yawa ba su taɓa daidaita madubinsu da idonsu ba, sai su yi ta fama da ciwon kai. Rufe gilashin dama da murfinsa, ka murza zoben tsakiya har wani rubutu mai nisan mita 30 ya fito sarai a idon hagu. Mai da murfin kan gilashin hagu, kada ka ƙara taɓa zoben tsakiya, ka murza ƙaramin zoben da ke jikin idon dama har ya fito. Lura da inda alamar ta tsaya. Sau ɗaya ake yi.

Batun gumi iri biyu ne. In a waje yake, gilashi ne ya fi iska sanyi, sai danshin numfashinka da na fuskarka ya kwanta a kai. Maganinsa kada madubi ya kwana a waje ko a rataye a bakin tanti. Sa shi cikin jakarsa ka tura ƙasan buhun barcinka, da safe ka riƙe shi cikin riga har lokacin aiki, kuma ka saki numfashi ƙasa yayin dubawa. In kuwa a ciki gumin yake, inda yatsa ba ya kaiwa, to danshi ya riga ya shige. Kada ka gasa shi a wuta, manne da robar ciki za su lalace. Rufe shi cikin leda da ƙunshin silika, irin wanda ake samu a kwalin takalmi ko na magani, na kwana biyu. In aka bar shi haka fumfuna za ta yi saƙa a jikin gilashi ta ci rufinsa, wannan kuma ba ya gyaruwa. Wajen gogewa a fara hure ƙura, sannan a shafa da ƙyallen tabarau. Bakin riga yana ɗauke da yashi. Maganin sauro mai sinadarin DEET yana narka roba, a wanke hannu kafin a riƙe madubi.

Tambaya: Na ga wasu suna kunna kukan tsuntsu a waya sai ya fito fili. Akwai laifi? Daga wani mai ɗaukar hoto.

Amsa: Yana aiki, Malam, kuma dalilin aikinsa shi ne dalilin da ya sa ba ma son sa. Namijin da ya ji kukan irinsa a yankinsa ɗauka yake kishiya ta shigo. Sai ya bar kiwo, ya bar gadin sheƙa, ya fito sarari yana neman abokin faɗan da babu shi. A tsauni, inda ƙaramin tsuntsu ke ƙona kitsensa duk dare don ya kai safe, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Sansani kuma wuri ɗaya ne da baƙi ke ta zuwa, tsuntsu guda ne ake kunna wa yau, a kunna masa gobe. Ƙarshensa ko ya daina amsawa ko ya bar wurin. Gandayen daji na gwamnati da yawa sun hana, ciki har da Yellowstone a Amurka, don haka a fara tambayar doka.

Inda ba a hana ba kuma aka ga dole, to a yi ƙasa da daƙiƙa 30, da sautin da bai fi na tsuntsun kansa ba, a jira minti 5. In an yi sau biyu bai zo ba, a haƙura. In ya zo, a kashe nan take. Ba a yi kusa da sheƙa, ba a yi wa wanda ke ɗauke da abinci a baki, ba a yi wa irin da ke fuskantar ƙarewa ko kaɗan. Amfanin rikodin na gaskiya a kunnenka yake. Rumbun intanet na xeno-canto, da aka buɗe a 2005, yana da kukan dubban ire-ire kyauta. Zaɓi goma da suka fi yawa a inda za ka, ka saurara da abin sa wa kunne har ka haddace. In ka san na kullum, baƙon kuka da kansa zai tsaya maka.

Tambaya: Malamai, barkanku da aiki. Zan bi wata ƙungiya zuwa sansanin da ke mita 2,900. Abin da ke damuna sanyi ne da ciwon da aka ce tsauni na sa wa. Me zan tanada? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Barka kadai, Malama, kuma kin yi tambayar da ta fi muhimmanci. Wanda ke rawar ɗari ba ya iya riƙe madubi, balle zaman minti 45 gindin bishiya.

A matsakaici zafi yana raguwa da digiri 6.5 na ma'aunin Salshiyas a kowace mita 1,000. In a bakin teku ana 30, inda za ku ana wajen 11, da dare kuma ya faɗi ƙasa da haka, har ƙanƙara kan kwanta a ciyawa in sama ta yi garau. Abin da ke kayar da mutane ba tsananin sanyi ba ne shi kaɗai, jiƙa ce da iska. A digiri 5 zuwa 10, jiƙaƙƙen mutum yana iya shiga haɗari. Auduga tana riƙe gumi ta manne a jiki, ki bar ta a gida. Ki sa uku: ta ciki ta ulu ko zaren roba, ta tsakiya mai kauri, ta waje mai tare ruwa da iska. Ki cire ta tsakiya yayin hawa, ki mayar da zarar kin tsaya, tun kafin ki ji sanyin. Hular sanyi da safar hannu dole ne. Kaya ɗaya na barci, har da safa, ki ƙulle a leda, ba a taɓa su da rana ko me ya faru. Buhun barci ya zama wanda aka rubuta yana kaiwa digiri 0, a ƙarƙashinsa kuma katifar soso, domin ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki. Ku bar 'yan tagogin tanti a buɗe, in ba haka ba numfashinku zai zama raɓa ya ɗigo muku. Idan wani ya fara tuntuɓe, magana na harɗe masa, yatsu sun kasa jan zif, a canza masa busassun kaya, a sa shi cikin buhu, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi in yana iya haɗiya.

Muna roƙonki da babbar murya: kada a shigar da risho ko garwashi cikin tanti, ko don girki ko don ɗumi. Iskar kabon monoksaid da suke fitarwa ba ta da wari, barci take sa mutum ya zarce.

Ciwon tsauni yakan fara daga mita 2,500, awa 6 zuwa 12 bayan isa: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci. Ƙarfin jiki ba ya hana shi. In da hali ku kwana ɗaya a wajen mita 2,000 kafin ku ƙarasa. Sama da 3,000 kuwa, kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda. Mai alamun ciwo ba ya ƙara hawa. Wanda ke haki yana zaune, ko tari mai kumfa, ko ya kasa tafiya a miƙe, ko ya rikice, a sauko da shi nan take ko da tsakar dare ne, mita 500 zuwa 1,000, a nemi asibiti, kuma ba shi kaɗai ba. Mai sikila, mai ciwon zuciya ko huhu, da mai juna biyu su ga likita kafin su sa ranar tafiya. Ko wanda ke ɗauke da rabin ƙwayar sikila ya faɗa wa likita tsayin da za shi, domin saifa kan sami matsala a sama.

Ruwan rafi ko ya yi garai-garai a tafasa shi. A mita 3,000 ruwa yana tafasa a wajen digiri 90, don haka a bar shi minti 3 yana tafasa, a lissafa lita 3 zuwa 4 ga kowane mutum a yini. Gwangwanin gas mai giram 230 yana tafasa wajen lita 15. A sayi mai haɗin furofen, domin butan zalla yana mutuwa in sanyi ya kusa digiri 0. Abinci a rufe shi ruf a ajiye nesa da tanti saboda ɓeraye da birai, a ƙasashen da ke da beyar kuma a bi dokar wurin sau da ƙafa. In kin ga walƙiya ki ƙirga: kowace daƙiƙa 3 kafin tsawa kilomita ɗaya ce. In ba ta kai 30 ba, a sauka daga doro, a nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai.

Tambaya: Ni da manhajar waya nake gane tsuntsaye. In babu sabis fa? Daga wani matashi.

Amsa: Ɗanmu, a gida ake gama wannan. Merlin, ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell, tana aiki ba intanet in ka riga ka sauke kundin yankin. Haka eBird, da aka fara a 2002, tana karɓar lissafin tsuntsayen da ka gani a daji ta aika in ka dawo. Sauke taswira ma, domin GPS ba ya buƙatar sabis. Bayan ka sauke komai, sa wayar a yanayin jirgin sama ka gwada tun kana ɗaki. A haka za ta zauna a tsauni, don neman sabis ɗin da babu shi ke shanye batir. Sanyi ma yana shanye shi, sai waya da fawa bank su kwana a jikinka. Fawa bank mai ƙarfin 10,000mAh yakan cika waya sau biyu.

Sashen Merlin mai gane kuka, wanda aka ƙara a 2021, ya fi ƙwarewa a Arewacin Amurka da Turai. A tsaunukan wasu nahiyoyi yakan yi shiru ko ya ba da sunan da ba shi ba. Abin da ta faɗa shawara ce, kada ka rubuta tsuntsu sai ka tabbatar da ido ko kunnenka. Riƙe ƙaramin littafi da fensir, biro ba ya rubutu a danshi. Rubuta lokaci, tsayin wurin, girman tsuntsu in an gwada da wanda ka sani, siffar baki, hawan da yake a bishiya, abin da yake yi, sannan launi a ƙarshe, don launi ne ya fi yaudara a inuwa. Buɗe sabon lissafi duk lokacin da ka hau ko ka sauka mita 200 zuwa 300. Kuma ka bar wa wani a gida sunan wurin, hanyar da za ku bi, da ranar da in ba ku dawo ba a nemo ku.

Tambaya: Za a iya kallon mujiya da dare? Kuma yaya ake yi da matsattsaku? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ana iyawa, Malam, amma daga bakin sansani ko kan hanyar da aka riga aka bi da rana, mutum biyu aƙalla. Awa ta farko bayan faɗuwar rana da ta ƙarshe kafin asuba sun fi, a daren da babu iska. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farar tocila kuma tana rushe wannan cikin daƙiƙa, don haka a yi tafiya da jan haske. Riƙe tocila kusa da goshi, ta haka ne ƙyallin idon yautai zai dawo maka daga kan hanya. In an sami mujiya a haska reshen da ke gefenta da haske mai rauni, daƙiƙa kaɗan, ba cikin idonta ba, kuma ban da filashin kamara.

Matsattsaku ba a sa masa gishiri ko wuta yana jiki, yana iya amayar da abin cikinsa a ciwon. Danna fata kusa da siririn kan, ka tura farce a ƙarƙashin bakinsa ya saki, ka wanke da sabulu ka danne da bandeji. Jinin zai ɗan jima yana tsattsafowa saboda yawunsa na hana daskarewa. Kaska kuwa a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a miƙe, ba murɗawa. In zazzaɓi ko ƙuraje suka biyo baya cikin makonni, a gaya wa likita an yi cizon kaska da kuma dajin da aka shiga.